Babban otal a Damagaram, amma babu tuwo a takardar abincinsa

Akwai wata takardar abinci da ake miƙa wa baƙo a wani babban otal na garin nan. Shafi huɗu ce, an yi mata bango da jar fata mai kyau, aikin dukawanmu. Duk abin da ke ciki da Faransanci aka rubuta shi: bifteki kala uku, kifin teku, jatan lande, taliyar Italiya, fiza. Na bi ta daga sama har ƙasa, babu tuwo, babu dambu, babu ko alkakin da baƙo ke cika jaka da shi in zai bar Damagaram. Abin ya tsaya mini a rai.

Ra'ayina shi ne, tsadar abincin otal ba laifi ba ce. Laifin shi ne a karɓi kuɗin babban wuri, sannan a ba mutum abincin aro wanda ya yi doguwar tafiya, ya kwana a firizar da wutarta ke zuwa tana ɗaukewa, alhali ga abincin gari nan wanda za a iya dafawa da kayan da aka sayo da safe. Manyan otal-otal ɗinmu su rage tsawon takardarsu, su sa abincin Damagaram a shafin farko, su yi shi da ƙa'idar da ta dace da kuɗin da suke karɓa.

Ina kuɗin yake tafiya?

Mu fara da yi wa masu otal adalci. A sana'ar sayar da abinci, lissafin da aka saba shi ne kayan miya da nama da hatsi su ci wajen kashi ɗaya cikin uku na farashin faranti. A ce faranti jika tara ne. Jika uku su ne abin da ya shiga tukunya. Sauran shidan suna tafiya ne a kilim ɗin da ke sanyaya ɗakin, da gazuwal ɗin gurup, wato injin ba da wuta, da iskar gas, da albashin kuku da masu hidima da masu wanke-wanke, da haraji, da faranti da kofin da ke fashewa kullum. A Damagaram kuma sai an ƙara ruwa. Duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san yadda famfo ke yin kwanaki bai ɗiga ba, kuma otal ba shi da damar ce wa baƙo ya yi haƙuri. Dole ya sayi ruwa a mota ya cika tanki.

Saboda haka wanda ya ce a bakin tasha zai ci irin wannan shinkafar da dala ɗari bai yi ƙarya ba, amma ba abu ɗaya ake sayar musu ba. Mai shiga otal sanyi yake saye, da tsabta, da natsuwar da zai yi magana da baƙonsa, da tabbacin cewa gobe zai tashi lafiya. To in kashi biyu cikin uku na kuɗin nan na waɗannan abubuwa ne, ai yana da haƙƙin ya same su cikakku. A nan ne doguwar takarda take cin amanarsa.

Abin da doguwar takarda ke ɓoyewa

Damagaram ba Yamai ba ce. Ɗakin cin abincin otal a nan yana cika ne ranar da wani furoje ya kawo taron bita, ko wata tawaga ta sauka, ko an yi liyafar biki. Sauran ranaku teburi uku ko huɗu ne. Wurin da ke da baƙi kaɗan amma ya rubuta abinci kala hamsin, hanya ɗaya ce gare shi: ya sayi kaɗan-kaɗan na kowane abu, ya jibga a firiza, ya jira ranar da wani zai tambaya. Jatan landen da aka saya a watan azumi yana iya kai wa babbar salla bai ƙare ba.

Daskarewa ba matsala ba ce in sanyin bai yanke ba. Firiza tana son digiri 18 ƙasa da sifili, firigo kuma kada ya wuce digiri 4. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar abinci suke bi ita ce, nama ko kifi ko dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya. A watan Afrilu da Mayu garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin kicin da murhu huɗu ke ci.

Yanzu a ɗauke wuta. Firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa wajen awa huɗu. Firizar da take cike tana kai kwana biyu, wadda take rabi kwana ɗaya. Amma wannan lissafin na wanda ya rufe ne bai taɓa ba. A kicin ɗin otal ana buɗe ƙofar nan sau da yawa a cikin awa guda. Kuma akwai wata ɗabi'a ta tsimin mai: in baƙi ba su da yawa, sai a kashe gurup da rana, a kunna shi da magariba. Kifin da ke sama-sama ya saki, da dare ya sake daskarewa, gobe ma haka. Mun ga yadda lamarin wuta ya kasance tun watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Mai sayar da abincin da bai ɗauki darasi daga wannan lokacin ba, ban san abin da zai koya masa ba.

Kuma kafin kifin tekun nan ya iso firizar otal, ya riga ya sha hanya. Daga Kwatano zuwa nan ya fi kilomita 1,500, daga Yamai kusan 900 ne. Babu wanda zai rantse maka cewa injin sanyin motar bai tsaya ba ko sau ɗaya.

Alamomin a bayyane suke ga wanda ya sani. Ledar da ƙanƙara ta taru a cikinta dunƙule-dunƙule, ko aka ga jini ya daskare a gindinta, kayan cikinta sun taɓa narkewa. Kifin da ya sha wannan wahala yana fitar da ruwa a kasko, tsokarsa ta yi laushi kamar auduga, sai kuku ya rufe shi da miya mai kauri da yaji. Wani kuskuren kuma wajen narkarwa ne. Daidai shi ne a sauko da nama daga firiza zuwa firigo tun daren jiya. Amma da yake ba a san wanda zai tambaya ba, sai baƙo ya zauna sannan a jefa kaza cikin roba da ruwan ɗumi. Shi ya sa ake jira awa guda da rabi, shi ya sa kuma take zuwa waje ya soyu, jikin ƙashi da jini. Kaza sai tsakiyarta ta kai digiri 75 sannan ta dahu. Ɗan ma'aunin da ake soka wa nama don a gane haka bai kai kuɗin faranti ɗaya ba, amma kicin nawa ne ke da shi?

Abin takaicin kuma, bayan duk wannan ajiya, sau da yawa amsar mai hidima ita ce: "Alhaji, a yi haƙuri, wannan babu shi yau." Ka nuna na biyu, "Shi ma ya ƙare, ranka ya daɗe." Kala hamsin a rubuce, kala shida a kicin. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

"Wa zai biya jika biyar ya ci tuwon da ke gidansa?"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba banza ba ce. Magidancin Birni ko Zango da ya fito da iyalinsa sau ɗaya a wata canjin baki yake nema. Ban ce a hana shi soyayyen kwambitar da kaza ba. A bar su. Kala huɗu ko biyar na irin wannan abincin, waɗanda ake samun kayansu a nan, sun wadatar.

Amma a duba su waye suke kwana a otal. Ma'aikacin da aka turo daga Yamai ne, da ɗan kasuwa daga Kano ko Agadas, da injiniyan da ya zo aikin matatar mai ta SORAZ, da malamin da ya zo taro a Jami'ar André Salifou. Waɗannan ba su da gida a nan. Bifteki kuwa sun ci wanda ya fi namu a inda suka fito. Abin da ba za su samu a can ba shi ne burabusko da miyar da ta ji man shanu, da gasasshen zabo, da furar da aka dama da nono mai kyau. In mutum ya kwana uku a garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926, ya je ya ga fadar Sultan, ya zaga Birni, sannan ya koma bai ɗanɗani ko abu ɗaya na garin ba sai in wani abokinsa ya kai shi gida, ai otal ɗin ya yi asara, garin ma ya yi.

Shi ma ɗan gari, tuwon gidansa daban, tuwon da ƙwararriya ta tuƙa da zaɓaɓɓen gero daban. Mutane suna biyan kuɗi mai kauri su sayi kilishin Gidigir duk da cewa akwai nama a kasuwar unguwarsu.

"Abincin gargajiya ba ya shiga tsarin otal"

Masu wannan magana suna nufin tuwo yana cin lokaci, ba a yin sa faranti-faranti. Gaskiya ne ba a tuƙa wa mutum ɗaya tuwo. Amma babu wani babban kicin a duniya da yake fara komai daga tushe bayan baƙo ya zauna. Aikin safe ne ke ɗaukar na rana, kuma abincinmu ya fi na aro dacewa da wannan tsari.

Ɗauki tuwon gero. A surfa, a bakace, a wanke, a rege shi sosai, don tsakuwa ɗaya a bakin baƙo ta isa ta kashe wa otal suna. A niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi. A tuƙa sau biyu a yini, wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi don na rana, ƙarfe shida da rabi don na dare. A kwashe malmala daidai wa daida da mara guda, a jera a kula mai riƙe zafi. Zai yi awa biyu zuwa uku da zafinsa. Abin da ya rage bayan nan na ma'aikata ne, ba na baƙon dare ba.

Miyar kuka ma sirrinta a romo yake. Tun da safe a dafa ƙashi da nama da daddawa da albasa da tattasai, a bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan. In baƙo ya tambaya, a ɗebi ludayi biyu a ƙaramar tukunya, a kaɗa kuka da maburgi, minti biyar ta haɗu. Kuskuren da ake yi shi ne a kaɗa babbar tukunya tun hantsi a bar ta tana jira, sai ta yi baƙi, ta kama gindi, ta yi ɗaci. Kuɓewa ɗanya ma haka, a kan buƙata ake zuba ta in ana son yauƙinta da korenta.

Dambu ya fi kowa sauƙin ajiya. A turara tsaki a madambaci, a sauke a haɗa da zogale da albasa da mai, a mayar a sake turarawa. In an tashi zuba wa baƙo, minti kaɗan a kan tururi ya dawo kamar yanzu aka sauke. Zabo kuma namansa da tauri, wanda ya ɗora shi ɗanye a kan garwashi zai ba baƙo wahalar tauna. A fara sulala shi da kayan ƙamshi wajen minti arba'in, a ajiye a firigo, in an tambaya a shafa mai da yaji a gasa minti goma sha biyar.

Fura tana da sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa: madarar da za a yi nonon da ita sai an tafasa ta tukuna, kuma ruwa da ƙanƙarar da za a sa su zama na sha. Alkaki kuwa yana kwanaki bai lalace ba, kuma akwai matan da suka gaji yin sa a cikin garin nan. Otal ya ɗauki biyu ko uku daga cikinsu a matsayin masu kawo masa kaya, ya faɗa musu girman da yake so da irin man da za a soya da shi, ya biya su a kan lokaci.

Matsalar gaskiya ba tsari ba ce, raini ne. Kukun da ya koyi aikinsa a Yamai ko Kwatano yana jin tuwo ya yi masa ƙanƙanta, ita kuma matar da ta shekara ashirin tana tuƙa tuwon biki na mutum ɗari uku ba a kallonta a matsayin kuku. In an ɗauke ta ma, wanke-wanke ake ba ta. A ba ta murhunta da albashin ƙwararriya, a koya mata ƙa'idar sanyi da awo, a gani.

"Kayan kasuwa ba su da tabbas"

Wannan hujja tana da ƙarfi, don duk mun san yadda nama ke yini a kan tebur a Kasuwar Dole, ƙuda na bi. Amma maganinta sayen da wuri ne, ba gudun kasuwa ba. A yi yarjejeniya da mahauci ɗaya, a karɓi naman da likitan dabbobi ya duba ya buga wa hatimi, a ɗauko shi daga mahauta da sassafe cikin kula da ƙanƙara, ya shiga firigo kafin awa guda. Naman sa da aka yanka yau ba ya yin bifteki mai taushi, sai ya huta kwana uku zuwa bakwai a sanyin digiri 2 zuwa 4. Wurin da wutarsa ba ta da tabbas gara ya yi farfesu da tsire da dafaffen nama, waɗanda ba sa buƙatar wannan jira.

Kayan lambu kuma ga Mirya nan kusa, ga fadamun Matamai da Gidimuni. Tattasai na zuwa daga Difa, albasa daga Galmi. Lokacin sanyi salati da tumatir da karoti da kabeji har sun yi yawa. Da bazara su yi wuya, to sai takardar ta canza da lokaci: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya maye gurbin salati. Shi salatin ma aikinsa ya fi yadda ake ɗauka. Ganye-ganye ake ware shi a wanke ƙasar, a jiƙa shi kamar minti goma sha biyar a ruwan da aka ɗiga wa jabel, wato ruwan kashe ƙwayoyin cuta, gwargwadon ƙarfin da aka rubuta a kwalbar, sannan a ɗauraye da ruwan sha. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyar kaza da su kada su kusance shi. Mayonez ɗin da aka kaɗa da ɗanyen ƙwai a kicin mai zafin digiri 40 kuwa, gara a haƙura da shi a yi amfani da na kwalba.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne abincin taron bita. An ce a ci ƙarfe ɗaya, sai aka dafa shinkafa tun ƙarfe goma. Babban baƙo ya makara, jawabai suka yi tsawo, ba a buɗe kwanuka ba sai ƙarfe uku. Kwanukan ƙarfen nan masu ɗan wuta a ƙasa ba dumama abinci suke ba, riƙe zafi kawai suke yi, kuma sai an zuba tafasasshen ruwa a ƙasansu tun farko. Abinci ya zauna sama da digiri 63 ko kuwa a sauke shi. Dafaffiyar shinkafa da ta yini da ɗumi-ɗumi tana sa amai da gudawa ko da an sake dumama ta. Mai shirya taro ya sanar da kicin in lokaci ya goce, shi kuma kicin ya riƙa fito da abinci kashi-kashi.

"Ina ruwan talaka da abincin otal?"

Akwai masu cewa duk zancen nan na masu kuɗi ne. Na fahimce su. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun 2024. Mutum huɗu in suka ci na jika goma-goma, sun kusa cinye albashin wata na yaron da ya kawo musu farantin. Wannan abin dubawa ne, kuma wanda ya ci irin wannan abinci ya tashi bai ajiye wa yaron nan ko dala ɗari ba, bai kyauta ba.

Amma tunda za a kashe kuɗin ko mun so ko mun ƙi, tambayar ita ce ina za su sauka. In jatan lande da cukun Turai aka ci, kuɗin sun bi mota sun bar gari. In zabo da gero da zogale da nono aka ci, sun shiga hannun mai kiwo, da manomi, da mai lambu a Mirya, da Bafulatanar da ta kawo madara, da mai alkaki. Otal guda da ke sayen zabi goma da tiya biyar ta gero kowace rana ya riƙe gidaje da dama.

Sai maganar harshe. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ko ba don haka ba, babu dalilin da zai sa Alhajin da ya tara dukiyarsa a fataucin dabbobi, ya shigo da baƙinsa, a miƙa masa takardar da sai an karanta masa kamar yaro. Da yawa irinsu sun daina zuwa don wannan kunyar kawai, kuma su ne masu kuɗin garin. A rubuta kowane abinci da Hausa, a sa Faransanci a ƙasa don baƙi. A rubuta farashi cikakke har da haraji, don kada takardar biya ta zo da abin da ba a faɗa ba. A faɗi minti nawa kowane abinci zai ɗauka.

Kafin masu otal su gyara, mai shiga ya kare kansa. Kada ka fara da karanta takarda, ka tambayi mai hidima: "Samari, me aka sayo yau da safe?" In ya amsa nan take, ka ci wannan. In sai ya je ya tambayo, ka zaɓi abin da ake dafawa ya tafasa, ka bar kifin teku da salati, musamman daga Maris zuwa Yuni. Ka leƙa makewayi kafin ka yi oda, don wurin da babu ruwa da sabulu a inda baƙo ke gani, da wuya a same su a inda ba ya gani. Ruwan kwalba a buɗe shi a gabanka. In kaza ta zo da ja a jikin ƙashi, ka mayar da ita cikin mutunci ba tare da ka daka wa yaron tsawa ba, don ba shi ya dafa ba, kuma ka nemi a kira maka shugaban kicin ka nuna masa da kanka.